Wadda Babu a Littafin

Suwaiba ta dawo makaranta da littafi,
bangonsa ya yage, gefensa ya sha mai.
A ciki dila ya naɗa rawani,
kura na jan carbi,
kunkuru ya goyi gidansa zai kai ƙara.
Ta baje shi a kan angarib,
ta ce, "Baba, dubi, dabbobi suna ciniki."

Na ce, "Ai na san su kaf.
Da su nake wuni
a kasuwar riɗi ta Gadarif."

Dilan nan Bashari ne, dillali.
Zai riƙe hannunka, ya tambayi jikin gyatuma,
kafin ka ce da sauƙi
buhu ya rame da mudu biyu.
Kura ba ta da suna ɗaya.
Ranar da fam ya faɗi
daga kowace rumfa take leƙowa,
ga kwaɗayin ƙashi, ga tsoron sanda.
Kunkuru kuwa Malam Sambo ne na Mai Wurno,
damina bakwai yana bin kuɗin dawarsa,
bai taɓa ɗaga murya ba,
bai kuma taɓa fasa zuwa ba.
Ga balbela da farar jallabiya,
ba noma, ba dako,
tana bayan saniyar mai kuɗi
tana tsintar farar da kofato ya tasa.

Suwaiba ta yi dariya har shayi ya zube.
Sai ta ɗago.
"To kai wanne ne?"

Daidai nan aka ɗauke wuta.

Na so in ce zaki.
Kowane uba zaki ne a ƙofar ɗakinsa.
Amma ni ke tsaron sikeli,
kuma ran Laraba wata mata ta zo da jaki,
riɗinta fes, ko tsakuwa ɗaya babu.
Na ga yatsan Bashari a gefen faranti,
na ga allura ta yi ƙarya.
Sai na duƙa ina gyaran igiyar buhu,
igiyar da ba ta kwance ba,
har ta ƙulle canjinta a bakin zane
ta yi mana godiya.

Na ce, "Bushiya."

Ta bi shafuka da fitilar waya.
"Babu bushiya a nan."
Na ce, "Ba a sa ta.
Me za a ba da labari?
Ta dunƙule ne har ƙura ta lafa,
ta warware, ta ce ba ta gani ba."

Yarinya ta ɗauki fensir.
A farar takardar ƙarshe, ƙarƙashin farashi,
ta zana curi mai ƙaya,
ta rasa inda fuska take,
sai ta yi mata idanu a gadon baya,
manya, a buɗe.

Tun ɗazu ta yi barci.
Littafin na nan a gwiwata.
Matar ta ce saura buhu uku,
kuma gobe Laraba.