Mota Huɗu, Kasuwa Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Jekadafari,
janareton maƙwabta ya yi shiru,
saura ni da kwamfuta da shayin da ya huce.
Babi na huɗu ya cije, ya ƙi gaba.

Tambayar ba ta da tsawo:
mota huɗu, kasuwa bakwai,
da tumatirin Dadin Kowa da ba ya jiran kowa.
Wacce za ta bi ta Kumo,
wacce za ta miƙe Bajoga kafin rana ta take,
yadda mai zai isa, asara ta ragu?

Dakta Gidado ya ce, "Dijatu,
kowace matsala da shingenta.
Ki zana shingayen, amsa za ta fito da ƙafarta."
Na zana: nauyin kwando, kuɗin gas,
awa nawa ɗanyen kaya ke yi
kafin ya fara zubar da hawaye ta ƙasan kwando.
Na ba na'ura, ta ƙifta sau biyu,
ta miƙo min hanya santal kamar zaren saƙa.

Ran Asabar na kai wa Baffa Hammayo,
mai shekara talatin yana lodi a bakin dam.
Ya riƙe takardar nesa da ido,
ya ce in karanta, tabarau na gida.
Na karanta. Ya ɓantari goro.
"Wa zai ja ta Bajoga?"
Na ce mota ta uku.
"Ban tambaye ki ƙarfe ba, mutum na tambaya.
Ta ukun ai Buba Dogo ne,
kuma Buba ba ya ƙetare Malam Sidi bai tsaya ba.
Gyatumarsa na kwance tun damina.
Sai ya ba ta kunu da hannunsa,
minti arba'in, ko da kayan na ci da wuta."

Na dawo a bayan a-kori-kura,
takardar a naɗe, ƙamshin tattasai a mayafina.
Duk littattafan da na haɗiye zango uku,
babu shafin da ya san Buba yana da uwa.

Yanzu na buɗe sabon layi a lissafin.
Na rasa sunan da zan ba shi,
na dai rubuta arba'in.
Na'ura ba ta yi musu ba, ta sake shiri:
Buba ya tashi da kiran farko,
ta Kumo ta jira rabin awa,
riba ta sauka da kwando biyu.

Ranar kare kundi, na sani,
baƙon malami zai ɗora biro a kan lambar
ya ce, wannan daga wane littafi?
Ina ta gwada amsa a bakina.
Can masallacin layi an fara gyaran murya,
wata mota a bakin dam tana ɗumama inji.