Litinin a Majami'a

'Yata Nandir ta kira daga Abuja
daren Lahadi, murya na yankewa:
"Baba, me coci ke yi wa mutum a yau?
Wa'azi na cikin waya, waƙa na cikin waya,
baiko ma da yatsa ake turawa."
Na buɗe baki, katinta ya ƙare.

To ga amsa, in amsa ce.
Ni ba fasto ba ne.
Shekara ashirin da uku ina riƙe da mabuɗi
da tsintsiya a nan Tudun Wada.
Masu kwat sun san Lahadi,
ni Litinin na sani.

Kafin rana ta leƙo ta bayan duwatsu
jarkoki sun yi layi a famfonmu,
kuma famfo bai taɓa tambayar kowa sunansa ba.
Ruwan da ya cika bokitin Kaneng
shi ya cika butar Malam Sallau mai shayi.

Na share ƙarƙashin benci na bakwai:
ɓawon gyaɗa, ɗan kunne guda,
takardar asibiti an ninke ta huɗu,
ta jiƙe da abin da ba ruwan sama ba.
Na san mai ita.
Na miƙa wa Zumuntar Mata, na yi shiru.
Kafin Laraba sun kwance bakin zane,
ɗari biyu-biyu masu ƙanshin daddawa da gawayi,
suka hau keke da kular gwate.
Waya na tura kuɗi, na yarda,
amma ba ta kwana a bakin gado tana korar sauro.

Ba zan ɓoye miki ba,
na ga abin da ya sa kika tambaya.
Na ga an sayi mota mai baƙin gilashi
alhali ajin yara na yoyo.
Na ga an tashi gwauruwa daga gaba
don ɗan takara ya zauna,
bayan zaɓe ko inuwarsa.
Dattawa biyu sun shekara ba sa ga-maciji
a kan wa zai riƙe littafin kuɗi.
Irin ranakun nan nakan goge bagade
ina jin kunyar Mai bagaden.

Amma kina goye shekarar da unguwa ta kama wuta.
Mutum tamanin da ɗoriya suka kwana a nan,
kan benci, ƙarƙashin benci,
har Sallau da matarsa da awaki biyu.
Da samari suka zo da gora suna tambaya,
tsohuwa Tabita ta tare ƙofa,
tsawonta da ƙyar ya wuce sakata,
ta ce, "Duk wanda ke ciki baƙon Yesu ne.
Ku fara da ni."
Na gabansu, ita ta yanke masa cibiya.
Ya dubi ƙasa.
Suka juya.

Ban san ko wannan ne amfanin coci ba.
Wataƙila dai wuri ne da ake lura
in gurbinka ya yi mako biyu ba kowa,
a taka har gida a ce, "Lafiya muka ji shiru?"
Inda mai gadi da mai banki
ke durƙusawa a siminti ɗaya
su roƙi gafara da baki ɗaya.
A benen da kike, hawa na shida,
in kin kwana uku ba motsi,
wa zai ƙwanƙwasa?

Bari in tsaya, hadari ya haɗo ta Naraguta,
sai na tara bokiti a inda ke yoyo,
ga 'yan jarrabawa sun iso da littattafai
don nan kaɗai ke da wutar sola.

In kin sa kati, ki kira.
In kin zo Kirsimeti, kar ki gudu da Lahadi.
Ki kai Litinin.
Akwai tsintsiya ta biyu a bayan ƙofa.