Ƙanwar Kanwa

Shekara goma sha tara tana kwance bayan gidanmu a Mokoyo.
Kaji sun yi ƙwai a kujerarta,
ɓera ya cinye wayoyi,
tayoyi huɗu sun durƙusa sun ƙi tashi.
Kat-san-kat ɗin Baba ce,
wadda ta yi dakon gujiya daga Tibiri
tun ban san hannun damana ba.

Na ce wa Miko, "A kankare ta da yashi a huta."
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Yashi ɗan dambe ne, Tsahara,
ba ya tambayar wa ya nausa.
Zai ci fenti, ya ci tsatsa,
in bai ƙoshi ba ya ci motar."

Sai ya jawo buhu. Fari fat.
Na dangwala na ɗanɗana:
gishiri-gishiri, ƙanwar kanwa,
bikarbonat ɗin da Inna Delu ke barbaɗa wa wake
in baƙi sun zo ba shiri.
Na yi dariya har na riƙe ciki.
Miko bai yi ba.

Kwamfuresa ta yi tari, ta yi tari, ta kama.
Ya naɗe hanci da tsumma,
ya ɗora karbireta kan turmin da aka kifa.
Baƙa ƙirin take, mai ya daskare mata kamar daddawa.
Iska ta fito tana tsaki,
ƴan ƙwayoyi suna faɗa wa ƙarfe suna fashewa,
kowace ta mutu da nata kason dauɗa.
Kafin ruwan shayi ya tafasa
ga alminiyam yana ƙifta min ido,
ba ƙwarzane ko ɗaya.

Aka ɗauke wuta.
Muka zauna kan taya muna kallon juna,
farare kamar masu niƙan rogo.

Kwana uku muna haka.
Murfin inji, ƙofofi, zoben fitila.
Shuɗin da Kawu Nomau ya shafa da burushin bango ya tafi.
Ƙarƙashinsa kore, na shekarar da aka yi jingina da ita,
shi ma ya tafi.
Can ƙasa ruwan madara, launin da ta zo da shi.
Mota ma ashe albasa ce.

Ranar Laraba muka kai ga ƙyauren baya.
Miko ya saki bututu ya ce, "Zo ki gani."
Zane-zanen ƙusa ne, biyar-biyar,
lissafin buhuna na mutumin da bai yarda da takarda ba.
A gefe, da ajami mai karkata,
sunana,
da wata, da shekara.
Ranar da aka zo masa da albishir kenan yana kan lodi,
ba alƙalami a aljihu.

Da yashi ne da ya share.

Ban yi kuka ba, garin ne ya shiga idona.
Miko ya ce haka yake yi wa kowa.

Ba komai take iyawa ba, farar nan.
Inda tsatsa ta yi rami a ƙasan direba
sai walda,
ina hango ƙasar Maraɗi ta cikin ɓular.
Sai an wanke ƙarfen da ruwan tsami kuma,
in ba haka ba sabon fenti zai zame.
Zogalen maƙwabciya ya ƙone gefe guda,
na kai mata jaka biyu da ban haƙuri,
ta karɓa, ta roƙi gwangwani guda na miya.

Injin bai tashi ba tukuna,
muna jiran fistan daga Kano.
Mai fenti ya zo jiya da ƴan katunan launi,
ya tambaya ko a cike zanen nan da mastik.

Na ce ya fenta ko'ina.
Tafin hannu guda a ƙyauren baya
ya bar min shi tsirara.