Ajiyar Zafi

A Grenoble, bayan taragon ƙarshe ya wuce,
Odile Charvet na zaune da hantsaki a hannu,
tana jera rariyar ƙarfe cikin bututu,
ɗaya bisa ɗaya, har ɗari takwas da sha uku,
kowace ba ta wuce faɗin farce ba.

Tanguy, yaron aikinta, ya yi hamma:
"Wace irin rariya ce ba ta tace komai?"
Ta ce, "Ajiya ake ba ta.
Iskar hiliyam in za ta gangara, nan take sauke zafinta,
in ta juyo ta karɓi abinta.
Kafin ka ƙifta ido ta je ta dawo."

Sai dai riƙon amana wuyar sha'ani gare shi.
Ka matse ramukan, iska ta shaƙe,
injin ya yi ta nishi kamar tsoho a hawan dutse.
Ka buɗe su, zafi ya sulale ta tsakiya
bai ko gaisa da ƙarfen ba.
Bututu in ya gajarta, ɗumi ya bi bango ya sauka,
in ya yi tsawo, ƙarfin turi ya ƙare a hanya.

Wata uku allon na cije
a digiri sha ɗaya sama da ƙarshen sanyi.
Sun zuba ƙwayoyin dalma a gindin,
dalma ta riƙe, ta riƙe, can ƙasa ta saki hannu.
Sanyi in ya kai maƙura,
ko ƙarfe mantawa yake da riƙo.

Daren nan sun kwashe sulusin dalmar,
suka cike gurbin da ƙwayar arbiyam,
wadda ta sha zarya ofis kafin a saya.
Ƙarfe biyu: tara.
Uku da kwata: shida da ɗigo huɗu.
Tanguy ya daina taunar biro.
Tif, tif, injin bai fasa ba,
sai ga huɗu da ɗigo biyu,
inda iska ke sallamawa ta zama ruwa.

Odile ba ta ce uffan ba.
Ta rubuta lamba da kwanan wata,
ta ƙara a gefe: rariyar sama ta yi yawa, a cire arba'in.

Da asuba ta fito, kogin Isère na tururi,
mai burodin kusurwa ya ɗaga ƙofarsa.
Ta sayi guda, ta cusa cikin kwat,
ta taka a hankali saboda gwiwa,
ta miƙa wa mijinta da sauran ɗuminsa.