Wa Ke Shiga Gaba?

Ƙarfe ɗayan dare a Panteka.
Maƙera sun watse, hayaƙin dalma ya kwanta,
ni da koren allo mai faɗin tafin hannu
muna ta musu a kan ruwan Tanimu.

Tankinsa na Rigasa wai ya cika.
Ya hau tsani da tocila a baki,
ya leƙa, da sauran wuri.
Famfo kuwa ya yi gum abinsa,
tumatir na sunkuyar da kai.

Ma'aunin ruwa bai yi ƙarya ba.
Bayit biyu ya aiko, ɗaya da biyu,
babba a gaba, ƙarami na biye,
yadda aka hore shi a gidansu:
ɗari biyu da hamsin da takwas.
Guntun da ke kan allona, a nasu gidan
ƙarami ke fara shiga zaure.
Ya karɓi baƙi, ya sauya musu mazauni,
ya ƙirga ɗari biyar da sha uku.
Sai ya rufe famfo, yana ganin ya kyauta.

Na tuna kakata Ladingo
da ta riƙe takardar boko ta faro daga dama,
ta ce marubucin nan ba shi da lafiya.

Ga kuma adireshin nan cikin ma'adana.
Na ɗauka rumbu ne, in zuba in dawo in tarar.
Ashe taga ce.
Ka ajiye ɗaya a nan, inji ya tashi a can bakin rijiya.
Wata rajistar ma, kallo ɗaya ka yi mata
ta shafe abin da ta riƙe,
ba ta maimaita zance.

Tafintan da ke juya rubutuna zuwa harshen ƙarfe
ya so ya rage mini wahala:
na duba ɗazu, in ji shi, me zai canza?
Na ɗaure shi da kalma guda:
koma ka duba, kowane karo.
Ko kogin Kaduna ba ya kwana inda ya yini.

Layi uku na gyara.
Kwana huɗu kafin in gano su.

Da asuba waya ta yi ƙara.
Tanimu bai ko yi sallama ba,
ya kara mini ita a jikin bututu
in ji da kunnena.