Gefen Shafi

A laburaren kan tudu, a Valparaíso,
littafin nan ya dawo karo na goma sha ɗaya,
bangonsa ya yi laushi kamar tsumma.

Labarin wata yarinya ne da saurayin da teku ta ci.
Yana zuwar mata da dare, gishiri a gashinsa,
ba ya barin sawu, sai danshi a bakin ƙofa.

Aikina in goge abin da suka rubuta.
Na ɗauki magogi, na zauna.

Shafi na arba'in, da fensir mai tsini:
"Fatalwa ba ta jin sanyi. Me ya kai shi aron rigarta?"
Ƙasa kaɗan, da jan biro, Eloísa ce, na san hannunta:
"Ba rigar yake nema ba, dolo."

Amaro ya ja layi uku ƙarƙashin sumbar farko,
ya rubuta "ƙarya",
ya kuma dawo ya sake ara, har sau biyu.

Wata ta ce ƙarshen zalunci ne,
ai da an bar shi ya zauna.
Wani ya ce, ya zauna ina? Uwarta za ta yarda?

A shafin ƙarshe babu gardama.
Rubutu ƙanana, kamar jerin tururuwa:
"Yayana ma kwalekwalensu bai dawo ba.
Na karanta ne in ji ko suna tuna hanyar gida."
Babu suna.

A waje ruwa ya tsinke, jirage na kuka a tasha.
Na mayar da magogin aljihun tebur,
na buga hatimi,
na ajiye shi a kantar ƙasa,
inda gajeren hannu zai kai.