Littafin Kwamiti

Ni ka riƙe da littafin,
mai shuɗin bango, kasuwar Acida nis saye shi.
Shafin farko babu lissafi,
sunan Balki kaɗai,
da daren da anka ɗora ta bisa amalanken shanu
anka nufi Wurno.
Jinin bai jira su ƙetare fadama ba.

Ranar sadakar bakwai, ana naɗe tabarmi,
Tumba ungozoma tat tsaya bakin zaure.
Tac ce, "Kun yi addu'a, Allah shi karɓa.
To ɗakin shan maganin ga fa,
da jemagu ka kwana ciki?"
Wani yac ce, "Aikin gwamnati ne."
Tac ce, "Gwamnati ta san Balki?"
Ba wanda yas sake neman takalminsa.

Ga abin da nir rubuta, ban ƙara gishiri ba:
manoman albasa, kwando guda guda.
Jabbi maƙeri, ƙofa da sakata, bai karɓi ko sisi ba.
Matan Shiyar Yamma sun juye adashin wata ukku,
anka hau rufi da farantin sola.
Arzika direba ya aje galan na fetur bayan randa,
ko uwargida ba ta taɓa shi,
lambar wayarsa kuwa da gawayi take jikin masallaci.

Zancen jini ne yat tsaya muna a wuya.
Samari sunka ce ƙarfinsu za a zuƙe.
Sai Liman Sahabi yan naɗe hannun riga,
yam miƙa wa Malama Hajo, yana kallon rufi,
don shi ma tsoron allura yake.
Sha tara sunka bi bayansa.

Akwai shafin Baba Modi,
wanda ido yab bari, ɗiya sunka yi nisa.
Kowace rana da gidan da ka kai mai tuwo.
Talata tawa ce.
Yakan ce miyarmu ba ta jin daddawa,
ya kuma suɗe kwanon tas.

Kada a ce duk zuma ce.
An nemi dubu ukku an rasa,
idanu sunka juyo kaina,
mako biyu ban ji daɗin sallama ba,
kafin a tuna da kuɗin dakon siminti.
Sakatariya kuwa sau huɗu muna ɗumama benci,
"Ciyaman ya fita," "Ku dawo jibi."
A na biyar munka tai da Tumba.
Firjin rigakafi na nan kusurwa yana gunaguni.

Har yau ba mu da likita.
Maganin zazzaɓi kan ƙare tun damina ba ta raba ba.
Mun sani. Yana shafi na talatin da ɗaya.

Daren jiya Kulu ta sauka,
ƙarƙashin fitila, ba tocilan waya ba.
Arzika na waje, inji a kunne,
har kukan yaf fito, yak kashe mota.
Da safe Tumba tac ce in rubuta.
Nid duba layin shiga, nid duba layin fita,
ban ga inda jinjira za ta zauna ba.
Sai nik koma shafin farko,
inda fili yay yi yawa,
nis sa ta ƙarƙashin sunan Balki.